Dalilin da Ya Sa Ake Kakkarya Taliya

Dalilin da ya sa kuke ganin uwarku tana kakkarya taliya kafin ta zuba a romo, ba ƙanƙantar tukunya ba ce. Wani ƙaton magidanci ne ya jawo mana, kuma sai na faɗi sunansa.

A da ba a karya taliya. Akwai wata tsohuwa, Iya Kande, da hannu take murza tata. Kowa a gidanta da silinsa guda ɗaya. Ta shanya a igiya, ta dafa, ta naɗe wa kowa nasa a kwano, ta kwarara romon kaza a kai.

'Ya'yanta maza biyu ne, Barau manomi da ƙanensa Sallau maɗinki. Wata rana Barau ya dawo daga gona da wuri, ya tarar da shanya. Silin Sallau siriri ne, dogo har yana neman taɓa ƙasa. Nasa kuwa gajere, ko rabin wancan bai kai ba. Nan take ransa ya ɓaci. Mutum da gemunsa da 'ya'ya uku, ya tsaya yana auna taliya da tafin hannu! Kishi ya hana shi sakat. Kullum sai ya zagaya ya auna, kullum na ƙanen ya fi. Ya daina amsa gaisuwar Sallau. Daga ƙarshe ya ce a raba gandu, zai kwashe iyalinsa ya bar gidan, tunda shi ba ɗa ba ne.

Iya ta kira su, ta kwaɓa fulawa a gabansu, ta yanki curi biyu daidai wa daida, ta murza. Ɗaya ya fito dogo, ɗaya gajere.

Ta ce, "Curi ɗaya nake yankar muku tun kuna yara. Kai mai kauri nake yi maka, don ya riƙe maka ciki a gona. Shi da ke zaune a inuwa, me zai yi da kauri?"

Kunya ta rufe Barau, ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ta ce ta yafe. Amma sai ta miƙe ta sauke shanyar duka, ta haɗa ta kakkarya, ta watsa a tukunya.

"Sai ka auna," in ji ta.

Ranar Barau ya yi ta juya cokali a kwano yana neman mai kaurin nan, bai samu ba. Ya fasa tashi, ya shirya da ƙanensa, amma duk roƙon da ya yi, Iya ba ta sake murza masa nasa ba har ta koma ga Allah. Matan maƙwabta suka ɗauki dabarar, don kowane gida da irin Baraunsa.

Shi ya sa har yau ake kakkarya ta. Za ka ci ka ƙoshi, amma babu sili ɗaya a kwanonka da za ka ce don kai kaɗai aka murza.