Zoben Tasalla da Keken Malam Korau

Ku gyara zama, ga wata shari'a na ɗauko muku. Nawa faɗi ne kawai, hukunci naku.

A wani gari an yi wani tsoho, Malam Korau, da matarsa Tasalla. Tun suna da ƙuruciya yake da wani baƙin keke, kuma duk ranar kasuwa sai ya goya ta a kariyar bayan keken ya kai ta ƙauyensu, Tungar Marke, ta wuni wurin ƙanwarta Kulu. Da tsufa ya zo sai ya raba musu kayansa: shi ya kama shi a gwiwa, ita ya kama ta a kai. Malam ya kasa taka feda. Tasalla kuwa ta shiga mantuwa, har ta kai 'ya'yan da ta haifa su gaishe ta, ta amsa musu yadda ake amsa wa baƙi. Abu biyu kaɗai ta riƙe a duniya, mijinta da keken nan.

Kullum da safe sai ta yafa mayafi ta tsaya kusa da keken a zaure, ta ce, “Malam, rana na yi, yaushe za mu gida?”

Aka kawo mota, ta ƙanƙame ƙofa tana kururuwa. Aka kawo babur, ta ce ba ta hawa bayan namijin da ba ta sani ba, alhali ɗanta ne. Malam kuwa ba shi da ƙarfin riƙe babur. Daga nan ta ture kwano, ta ce ba ta ƙara cin abinci sai a gidansu. Koko ma sai da lallashi. Tana ramewa tsohon na kallo, abin na cin ransa.

To, suna da 'ya'ya uku.

Ɗan fari shi ne Namadi, manomin rani. Shi ya fara cewa, “Baba, tunda ƙafa ta gaza, ai sai a yi wa keken ƙafa.” Ba shi da wata dukiya sai injin ban ruwa, ga albasarsa ta fara kai, lokacin da ta fi son ruwa. Ya kwance injin daga bakin fadama, ya kai birni ya musanya shi da ɗan ƙaramin injin da ake ɗaura wa keke. Shi kuma ya koma jan jigo kamar zamanin kakanni, har tafin hannunsa ya yi kanta. Rabin albasar ta bushe. Bai taɓa ɗaga maganar ba ko a gaban matarsa.

Mai bi masa shi ne Jibo, mai walda a birni. Ya rufe shagonsa ana tsakiyar samun aiki, ya zo da kayansa. Ya tarar inji bai zauna a jikin keken ba, don ƙarfen siriri ne, ga tsufa. Masu ba da shawara, kun san ba a rasa su, suka ce a huda ƙarfen a zura kusa a huta. Jibo ya ce, “In na huda shi, nan zai karye, kuma da su Baba a kai zai karye.” Sai ya lanƙwasa faifayen ƙarfe ya ƙera maɗaurai masu rungumar jikin keken, ya zaunar da injin ƙasa-ƙasa a tsakiya don kada nauyi ya rinjayi tsoho. Ya ja zare ya daidaita sarƙa da ƙafar baya har ta daina zamewa. Ya shafe komai da baƙin fenti, bai taɓa sirdi ba, bai taɓa ƙararrawa ba, don kada Inna ta ga baƙon abu. Ya gama da idanu jajur saboda hasken walda.

Aka tayar da inji, keke ya tafi ba a taka shi ba, unguwa ta ɗauki tafi. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Keken karkarwa yake kamar mai zazzaɓi, ƙararrawa na buga kanta, noti na kwancewa, hannuwan Malam suka yi tsami. Aka zaunar da Tasalla, ba su kai ƙarshen lungu ba ta sulale ƙasa tana kuka.

“Wannan ba kekenmu ba ne! Malam, ina ka kai kekenmu?”

Ranar ko kokon ba ta sha ba.

Sai auta, Hansai. Kurma ce tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama, kuma ita ke wa uwar wanka kullum, ko da yake uwar na ce mata yarinyar maƙwabta. Ba ta taɓa riƙe sifana ba. Amma mu da kunne muke jin inji, ita da tafin hannu. Ta yi alama a tayar, ta riƙa bin jikin keken da hannu har ta gano duk inda ƙarfe ke cizon ƙarfe. Ta fara cusa robar tayar keke a wuraren, ta yi laushi da yawa, inji ya riƙa lilo, sarƙa ta faɗi. Sai ta ɗauko tsohon gugan Inna mai kaurin roba, ta yanyanka shi, ta sa tsakanin maɗaurai da jikin keke, ta sa a gindin salansa, ta ɗaure kowace kusa da noti biyu. Ta ɗora kwano cike da ruwa a kariya don ta ga ko zai zube. Ya zube, ta sake gyara. Da ruwa ya nutsu, sai ta hau bayan Baba da kanta, suka yi ta zagaya filin idi har ƙugunta ya yi ciwo, sai da ta gane iya murɗin totur da keken ya fi lafawa, ta ɗaura jan zare a wurin. Ta ɗinka matashin audugar rimi da tsohon zanen uwar ta ɗaure a kariya.

Ranar kasuwa aka sake gwadawa. Tasalla ta zauna, kowa ya zuba mata ido. Can sai ta kama rigar Malam ta wajen ƙugu, ta ce, “Ka yi a hankali a gangare, ka san halinka.”

Suka isa Tungar Marke. Kulu ta fito da gudu zane na faɗuwa. Ranar Tasalla ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Haka suka yi ta zuwa duk kasuwa, jikinta ya murmure, sai da damina ta faɗi ciwon ajali ya kwantar da ita.

Wata rana da hantsi, Malam na zaune a gefenta, ta zare zoben azurfar da ke yatsarta tun ranar aure, ta sa masa a hannu. Ta ce, “Malam, wannan na mai gyaran keken nan ne, cikin 'ya'yana.” Rabon da ta ce 'ya'yana har an manta. Tsohon ya fashe da kuka, kafin ya nutsu ya tambaye ta suna, mantuwar ta dawo. Ba ta sake dawowa hayyacinta ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki ya tara su ya faɗa musu. Babu wanda ya miƙa hannu, amma kowa idonsa na kan zoben, kuma ba don azurfar ba. Kowannensu so yake a ce shi uwarsa ta tuna a ƙarshe.

Dangi suka rabu. Wasu suka ce ai ƙin faɗin suna shi ne sunan, don uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, Namadi take nufi. Wasu suka ce gyara ta ce, kuma mai gyara a gidan nan Jibo ne. Malam kuma ya ce shi dai ya ga tana maganar tana yi da hannu, yadda ake wa Hansai magana, kuma ba ta ce wanda ba, ba ta ce wadda ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya rataye zoben a jikin ƙararrawar keken, yana nan a zaure yana jiran mai shi.

Kada wani ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na sani, amma zobe yatsa ɗaya yake shiga. To, tsakanin wanda ya ba da inji, da wanda ya ɗaura shi, da wadda ta kwantar da karkarwarsa, wa za a sa wa zoben Tasalla?