Dalilin da Ya Sa Mutuwa Ba Ta Sallama

Dalilin da ya sa Mutuwa take faɗowa gida babu sallama, yara, ba rashin tarbiyya ba ne. A da can, duk garin babu mai ladabi irinta.

A wancan zamani Mutuwa sana'a ce kamar jima ko ƙira. Mutum ne ke riƙe da ita, in ya gaji ya miƙa wa wani. To, a garin Kukar Gayya akwai wata mai kitso, Tasalla, wadda kunya ta yi wa yawa har ba ta iya cewa a'a. Wata rana wata tsohuwa ta shigo ta nemi ruwa, ta sha, sannan ta miƙa mata wata baƙar tsintsiya ta ce, "'Yar nan, riƙe mini, bari in zaga." Tsohuwa ba ta dawo ba. Can sai Tasalla ta ji tsintsiyar tana jan hannunta zuwa gidan wani mai jinya. A nan ta gane tsohuwar nan Mutuwa ce, kuma aiki ya faɗo kanta.

Ta kama aiki yadda aka rene ta. Duk gidan da tsintsiya ta kai ta, sai ta tsaya a zaure, ta cire takalmi, ta yi sallama, ta jira izini. Mutanen gari ba su daɗe ba suka gano lagonta. In ta yi sallama, a ce maigida ya tafi gona. Gobe a ce ya tafi biki. Mai unguwar Gabas, Nomau, wanda wa'adinsa ya cika tuni, da bakinsa yake amsawa daga ɗaki cewa ba ya nan, ita kuwa ta ce to, in ya dawo a gaishe shi. Mai unguwar Yamma ma haka.

Abin da ya fi damunta shi ne Baba Mantau, tsohon da ciwo ya cinye. Tana jin nishinsa ta bayan zana yana kiran sunanta, amma 'ya'yansa sai su ce ya fita shan iska, domin muddin yana numfashi sarautar noma tana gidansu. Haka za ta koma gida da hawaye.

Maƙwabcinta Jatau ya lura da halin da take ciki. Shi wannan Jatau ba ya noma, ba ya fatauci, aikinsa zuga mutane a gindin bishiya. Shi ne ke riƙe da ƙahon Yaƙi, kuma ba wanda ya ɗora masa, shi ya yi ta bin mai ƙahon na da yana roƙo, don ya ji ana naɗa wa mai riƙe da shi rawani. Bai taɓa dambe da kowa ba, ko agwagwa ta buɗe fiffike sai ya ruga.

Ya ce mata, "Yaya Tasalla, wahalar banza kike sha. Ni zan fito miki da su fili, ba sai kin yi sallama ba. Sharaɗi ɗaya, duk inda na busa ki biyo ni."

Ta ɗauka tsofaffin nan masu ɓuya zai fito mata da su. Ta amince, har ta yi masa godiya.

Jatau ya je wa Nomau ya ce mutanen Yamma na cewa da zanen matarsa yake naɗa rawani. Ya zaga Yamma ya ce mutanen Gabas sun ce gemun mai unguwar Yamma da na bunsuru uwa ɗaya uba ɗaya. Dattawan kowane ɓangare suka zauna, suka yi ta huci, suka ce an taɓa mutuncin kakanni. Aka tara samari, aka yi musu jawabi mai zafi, aka raba musu masu da kibau. Da lokacin fita ya yi, kowane dattijo ya tuna yana da ciwon baya. Jatau ya busa ƙaho, ya haye kan kuka.

Da Tasalla ta iso fagen, ta duba gabas da yamma, babu furfura ko ɗaya. Samari ne kwance ko'ina. Tsintsiya ta yi ta janta daga wannan zuwa wancan, har ta tsayar da ita a kan Arzika, ƙanenta da ta goya a bayanta, ga kibiya a ƙirjinsa.

Ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ke ce? Don Allah, me ma aka ce sun yi mana?"

Ta durƙusa ta rufe masa ido, ta yi aikinta.

Daga fagen ba ta biya gida ba, ta miƙe sai ƙofar Nomau. Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta ji muryarsa daga ciki, baki cike da tuwo: "In Tasalla ce, ku ce mata ba na nan."

Ta sunkuya za ta cire takalmi, sai ta fasa. Ta ɗaga labule ta shiga. Ta same shi ya lafe a bayan randa da akushi a hannu.

Ya ce, "Haba Tasalla, babu ko sallama?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ce ba ka nan. Wa zan yi wa?"

Ta ɗauke shi, ta wuce Yamma ta ɗauke mai unguwar can. Sannan ta ratsa tsakanin 'ya'yan Baba Mantau ba ta kalli kowa ba. Tsohon ya yi murmushi ya ce mata sannu da zuwa, ta daɗe a hanya.

Jatau kuwa tsintsiya ba ta taɓa nuna shi ba, kuma alkawarin da ta yi masa yana nan a wuyanta.

Shi ya sa har yau, yara, Mutuwa ba ta tsayawa a zauren kowa, ba ta tambayar ko maigida yana nan. Kuma duk inda Yaƙi ya busa ƙahonsa, za ku ga ta biyo baya kanta a sunkuye, tana kwasar 'ya'yan mutane waɗanda ko dalilin faɗan ba a gaya musu ba.