Barewa da Lamba Mai Doguwar Wutsiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya farka."

"Ta zo mu ji ta, Kawu!"

To, ku matso, amma ku yi mini uzuri, na daɗe ban yi ba. Lokacin da na bar garin nan a gindin tsamiyar ƙofar gida ake tatsuniya, kuma Goggo Hansai ke yi. Na dawo na tarar an sare tsamiyar, Goggo tana maƙabarta. Rijiyar da muke leƙawa an cike ta da shara. Gonarmu ta tudu an yanka ta filaye, har da turakun siminti. Ke Laure a goye na bar ki, ga ki yau kina kuka, wai malam ya tambaye ki tsakanin rabi da 0.125 wanne ya fi, kin nuna mai tsawon, ya zane ki. Share hawayenki. Wata ta yi kuskuren nan kafin ke, kuma abin da ya same ta ya fi bulala.

An yi wata Barewa, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ba ta da gona, sai ƙarfi. Tunku kuwa yana da gona, amma ko fartanya bai iya riƙewa ba. Sai suka shirya: gona ta Tunku, noma na Barewa, in an yi girbi a raba gero biyu, kowa rabi. Haka suke shekara da shekaru, ba wanda ya kwana da yunwa.

Wata shekara Tunku ya je birni cin rani, ya dawo da allo da alli.

Ya ce, "Uwar yara, an daina rabi. Rabi lissafin tsofaffi ne. Yanzu sunansa sifili, ɗigo, biyar." Ya rubuta 0.5.

Barewa ta ce, "Ni dai a ba ni abin da aka saba ba ni."

Tunku ya auna, geronta ya cika rumbu kamar kullum. Ta ce a ranta, ashe ɗigo ba ya cuta.

Shekara ta kewayo. Ta je ta ce, "Malam Tunku, yara sun girma, tuwo ba ya isa. Ko za ka ɗan ƙara mini?"

Tunku ya kaɗa wutsiya. Ya kira Zabo da Bushiya su yi shaida. Ya rubuta 0.5, ya rubuta 0.25 a gefensa.

"Biyar da ashirin da biyar, wanne ya fi? Ni ban tilasta ki ba. Zaɓi da bakinki."

"A ba ni mai doguwar wutsiya."

Har ta durƙusa ta yi godiya. Da aka kawo geron, sai ta ga iyakarsa tsakiyar rumbu.

Tunku ya ce, "Bana zangarniya ba ta yi ido ba. Ki gode Allah. Da kin tsaya a kan biyar, da me za ki samu?"

"Kawu, ai ƙarya yake!"

Kai ka sani, Tanimu, don kana aji biyar. Ita wa ya taɓa kai ta aji?

Suka ci, suka yi tsimi, suka ƙarasa da dusa. Shekara ta sake kewayowa. Barewa ta koma, haƙarƙarinta duk a waje.

"Malam Tunku, bara da ƙyar muka kai. Babu wadda ta fi waccan?"

"Akwai, amma don ke ce." Ya kira shaidu, ya rubuta 0.125. "Ɗari da ashirin da biyar! Ni ban tilasta ki ba. Zaɓi da bakinki."

"A ba ni mai doguwar wutsiya."

Ta durƙusa. Geron nan da ƙyar ya rufe gindin rumbu. Tun kafin zafi ya shigo ya ƙare. Suka koma ganyen tafasa, ganye ya bushe. Autanta ya kwanta, yana cewa, "Inna, yaushe za a buɗe ɗari da ashirin da biyar ɗin?" Bai ga ruwan farko ba.

Da ta binne shi, sai ta tafi wajen Kunkuru, alƙalin daji, ta faɗa masa komai. Kunkuru ya sa aka kawo kabewa, ya yanka ta goma daidai.

Ya ce, "Duba nan, 'yata. Lambar da ke bin ɗigo ita ke faɗin yanka nawa ne naki cikin goman nan. Biyar, yanka biyar, rabi ke nan. Biyu da biyar, yanka biyu da rabin yanka, rubu'i ke nan. Ɗaya, biyu, biyar, yanka ɗaya da ɗan ɓantare. Shi ne sumuni, kashi ɗaya cikin takwas. Sauran wutsiyar duk ɓarɓashi ne."

Barewa ta daɗe tana kallon yankan nan guda.

"Wannan na zaɓa?"

"Wannan."

"Har na durƙusa?"

Kunkuru ya mai da kansa cikin ƙoƙon bayansa. Aka kira Zabo da Bushiya, suka ce Allah ya gani, da bakinta ta zaɓa. Kunkuru ya leƙo ya ce, "Ba ni da abin da zan ƙwato miki."

Ba ta yi kuka ba. Ta koma gida ta saɓa fartanyarta, ta tasa 'ya'yanta biyu a gaba, ta yi gabas.

Tunku ya biyo ta da gudu, allo a hammata. "Uwar yara, dawo! Zan ba ki mai lamba huɗu!"

Ba ta waiga ba.

"To, rabi! Rabin tsofaffi!"

Ba ta waiga ba.

Damina ta faɗi. Gona ta zama ta Tunku duka, ɗaya cur, babu ɗigo. Ciyawa ta cinye ta. Ya ci abin da ya tara har ya ƙare, ya rame, wutsiyarsa ta fi shi kauri. Shi ya sa har yau yake yawon satar kajin mutane.

"Kawu, ina Barewa ta je?"

Inda ake neman mai ƙarfi, Laure. Ba ta dawo ba.

Saboda haka in an ba ku lamba mai ɗigo, kada tsawonta ya ruɗe ku, ku fara duba wadda ke bin ɗigon. In kun rikice, ku yanka kabewa. Wanda kuma ya sake wa abin da kuka sani suna, ku ce ya auna a gabanku.

Tanimu, miƙo mini jakar can, da takalmin da ke bayan ƙofa. Motar Fatakwal da asuba take tashi.

"Haba Kawu, yaushe ka zo?"

Na zo in yi noma ne, na tarar da turakun siminti. Riƙe mini bakin jakar in zuge.

Ƙurunƙus kan tunku, wutsiyar kuma a bar masa abarsa.