Kujerar Hagu ta Baba Direba

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Direba. Shekara talatin da wani abu ya yi yana jan tirela, inji na ruri a ƙarƙashin kujerarsa, har ranar da gwiwoyinsa suka gaji ya ajiye makulli. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi da matarsa, shi ya sa ko da yake ita ce ta fari, Auta suke ce mata.

Da ya bar hanya sai ya sayi kayan kallo: talabijin mai faɗi, lasifika biyar, da akwatin da ke raba musu sauti, wanda masu sayarwa ke ce wa risiba. Ya jera kujeru biyu a gaba. Ita matarsa kullum a hagunsa take zama, kuma tana da wani hali: duk abin da aka faɗa a fim sai ta maimaita.

"Ka ji, wai ba shi ya ɗauki motar ba."

"Ke dai kin cika surutu. Ai na ji."

Haka suke, har ta yi ciwon sati biyu, Allah ya karɓi abarsa.

Da masu gaisuwa suka watse, sai gidan ya yi masa girma. Ya dafa shayi, ya ga ya ɗauko kofi biyu, ya mayar da ɗaya. Ya kunna kallo, sai ya ga bakunan mutane na motsi amma maganar ba ta isowa, kamar daga cikin rijiya suke yi.

Ya ce risibar ce ta yi sanyi.

Akwai wani ɗan bidiyo da Auta ta taɓa ɗauka da wayarta, ta sa masa a filas, ɗan abin adana bidiyo da ake soka wa talabijin. Minti biyu ne. Matarsa na zaune tana ɓare lemo, shi kuma yana can baya a kan benci yana gwada fankar da ya gyara. Wajen ƙarshe sai ta waiga ta dube shi, ta matso kusa da wayar, ta rage murya ta faɗi wani abu. Sannan ta yi wani ɗan murmushi, bidiyon ya ƙare.

Ya kalle shi ya fi sau ɗari, bai ji kalma ɗaya ba. Kuma ya san da shi take, tunda shi ta kalla. Shekara talatin ya bar ta ita kaɗai da yarinya, yana hanya. Abin da ke cin sa shi ne kada ya zama kukansa ta kai wa 'yarta, ta tafi da abu a ranta bai nemi gafara ba.

Za ku ce me ya hana shi tambayar Auta? Jikokina, ba ku san tsofaffin maza ba. Da ya ce "ba na ji", gara a ce masa ya ɗauki tirelar a ka.

Sai ya kira wani mai haɗa kayan sauti, magidanci mai haƙuri da ake ce wa Injiniya.

"Ƙarfi nake so a ƙara wa risibar nan, don kallon ƙwallo."

Injiniya ya juya risibar ya duba bayanta. "Ka yi sa'a, Baba, taka tana da ramukan fitar da sauti. Daga nan za mu ja waya zuwa amfilifaya ta waje, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti. Ita za ta riƙa tura lasifika biyu na gaba, risibar ta samu sauƙi."

Aka haɗa. Ƙarar mota da harbin bindiga suka cika falo, kofunan cikin kabad suka fara rawa. Maganar mutane kuwa ta ƙara nutsewa.

Bayan sati biyu ya sake kiran sa. Injiniya ya ce yawancin murya daga lasifikar tsakiya take fita, sai aka ba ta tata amfilifayar ita kaɗai. Yana naɗe wayoyinsa ya ce, "Baba, wannan sautin ya ishi ɗakin taro. Ko za ka bari a duba maka kunne?"

"Haɗa waya na kira ka ko duba marasa lafiya? Kunnen da yake gane ciwon inji tun kafin bakanike ya buɗe shi?"

Injiniya ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya tafi.

Auta tana zuwa duk ƙarshen mako da jaririyarta. Tun daga bakin ƙofa yarinyar ke fara kuka saboda ƙara. Wata rana Auta ta rage sautin, ta zo ta zauna a kujerar hagu.

"Tashi daga nan. Kujerar uwarki ce."

Ta tashi. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, akwai asibitin kunne kusa da wajen aikina."

"Kun haɗa baki da mai waya ke nan. To in kurma ne ubanki, ki huta da zuwa gidan kurma."

Ta goya 'yarta ta fita tana share ido. Daga ranar sai dai ta aiko da abinci. In ta kira waya, ya ga sunanta ya ƙi ɗauka, don ya san ba zai ji ba.

Wata biyu aka yi haka. Maƙwabcinsa tela, wanda suka saba hira da yamma, ya ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a ranaku daban-daban, ba a buɗe ba, ya ɗauka an daina yi da shi. Baba Direba na ciki, tsakanin akwatuna masu zafi da ƙananan fitilu, yana mayar da minti biyun nan baya. Ƙarar fankar cikin bidiyon ta koma kamar jirgi zai tashi. Leɓɓan matarsa na motsi, shi ke nan.

Sai ya sayo amfilifaya ta uku, wadda sai da mutum biyu suka shigo da ita.

Injiniya ya zo da hantsi. Ya ce, "Zan haɗa, tunda ka saya. Amma amfilifaya ba ta san murya ba, Baba. Duk abin da aka ba ta shi take ƙarawa."

"Kai dai yi aikinka."

Injiniya ya gama, ya rage sautin ƙasa sosai don gwaji, ya danna abin da ke cikin filas ɗin da ke jikin talabijin. Sai ga matar tana ɓare lemo. Kafin dattijon ya kai hannu ga rimot, har ta matso ta yi maganarta.

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya kama gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Baba Direba ya daɗe yana kallon sa.

"Ka ji abin da ta ce?"

Injiniya ya ɗaga kai alamar e.

"A wannan ɗan sautin?"

Injiniya ya matso kusa ya ce, "Ko lasifikar waya ta isa, Baba."

Dattijon ya dubi akwatunan nan uku, ya zauna a hankali. Ya ce, "Faɗa mini. Ko zagina ta yi, faɗa mini."

"Ba da ni take ba. Da wadda ta riƙe wayar take. Ita ya kamata ta faɗa maka."

Bayan ya tafi, Baba Direba ya ɗauki wayarsa ya ajiye, ya sake ɗauka. Da ya ga an amsa, bai jira gaisuwa ba.

"Auta, ko me kike cewa yanzu, ba na jin ki. Na daɗe ba na ji. Ki zo."

Ta zo ko mayafi ba ta daidaita ba. Ya kashe amfilifayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mata kujerar hagu. Ta zauna. Ya kunna bidiyon, da aka zo wurin ya tsayar.

"Me ta ce a nan?"

Auta ta dube shi, ta dubi akwatunan, sai a lokacin ta gane abin da aka sayo su su yi. Ta kai bakinta kusa da kunnensa na hagu.

"Cewa ta yi, 'Kin ga babanki? Kunnen dama ya tafi, na hagun ma saura kaɗan. Ya ɗauka ban sani ba. Shekara shida ina maimaita masa magana, yana ce mini mai surutu. In ba na nan, ke za ki zauna a kujerar nan. Kada ki ɗaga masa murya, kunya yake ji. Matsowa za ki yi.'"

Baba Direba ya rufe fuskarsa da hularsa. Auta ta bar shi ya yi kukansa.

Da ya lafa ya ce, "Kuma da kika zauna na kore ki."

"Ka kore ni kam. Mama ma ta ce za ka yi."

Sati na zagayowa suka je asibitin. Aka ba shi ɗan abin sa wa a kunne, bai kai girman ɗan yatsa ba. Da suka dawo ya kunna bidiyon da risibar kaɗai, ya ji muryar matarsa da kansa, har da dariyar da take ɓoyewa a ciki. Ya je da ƙafarsa ya ba Injiniya haƙuri, ya ce ya zo ya kwashe amfilifaya biyu. Ya ƙwanƙwasa wa tela ƙofa.

Yanzu yana ji daidai gwargwado. Amma in Auta ta zo suka zauna kallo, sai ka ga ya karkato da kansa hagu.

"Me ya ce?"

Ta san ya ji. Tana maimaita masa.

Darasi: Girman kai ne ke sa mutum ya yi ta gyaran kayan ɗakinsa alhali matsalar a jikinsa take. In kana da rauni, ka faɗa wa naka tun suna kusa, don sau da yawa sun riga sun sani, rufa maka asiri kawai suke yi. Ku kuma 'ya'ya, in tsoho ya fara ƙara sauti yana yawan faɗa, kada ku yi fushi ku ɗauke ƙafa, ku matsa kusa da shi. Ku tura wa wanda kuka san yana da tsoho zaune shi kaɗai, in kun tura kuma ku tashi ku je ku ga naku.