Ledar da Lawwali Ya Fasa a Fada

Akwai wani saurayi a nan Matameye, sunansa Marwan. Kamar sauran samarin gari, da an kai amfanin gona gida sai ya ɗaure kaya ya tsallaka Najeriya ci-rani. A hanyar dawowarsa ta ƙarshe ne 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta. Direba ya rasu nan take, haka ma mutumin da ke zaune kusa da Marwan. Shi ko ƙwarzane bai samu ba.

Da ya iso gida aka yi ta zuwa jaje. Kowa ya shigo magana ɗaya ce: "Allah ya kiyaye gaba, ka manta kawai." Ba wanda ya tambaye shi me ya gani.

To amma jiki bai manta ba. In kwano ya faɗi sai ya zabura. In moto, wato babur, ta wuce da ƙara sai zufa ta karyo masa. Barci ma sai sama-sama.

Yana da taubashi, Lawwali, ɗan kawunsa. Kun dai san taubashi a wurinmu: ya zage ka, ya ɗauke maka hula, ya kira ka bawansa a gaban surukai, kuma ba ka da damar fushi. Lawwali kuwa gwani ne a wannan fannin. Shi a ganinsa Marwan raki kawai yake, in aka tsorata shi sosai sau ɗaya zai ware.

Wata rana da la'asar suna fada, wato majalisar hira, samari sun cika benci, ana jiran shayi na biyu. Lawwali ya hura leda ya zagaya ta bayan Marwan, ya fasa ta dab da kunnensa.

Marwan ya wuntsila ƙasa, ya ture butar shayi da gawayi, ya shige ƙarƙashin benci yana ihu: "Ku kwanta! Ku kwanta, suna nan!" Aka fashe da dariya. Wani har ya ɗauka a salula. Sai da aka ga yaro ya ƙi fitowa, haƙoransa na haɗuwa, sannan dariyar ta fara raguwa. Ba wanda ya ce wa Lawwali komai fa, ai wasan taubasai ne.

Daga ranar Marwan ya shige ɗaki ya daina fita. Bidiyon ya zaga gari. Magana ta canja daga "ya tsorata" ta koma "ya taɓu". Mahaifinsa, Malam Abdu, ya yanke shawara zai kai shi wani ƙauye wurin wani mutum da ake kai wa masu taɓin hankali, inda ake sa musu mari a ƙafa har su natsu.

Lawwali ya zo gidan yana fito, kamar ba abin da ya faru. Ya tarar da Habsatu, mahaifiyar Marwan, tana tankaɗe. Ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Haba Gwaggo, wasa ne fa."

"To shiga ka ga wasan naka," in ji ta.

Ya shiga. Marwan na zaune a lungu, baya jikin bango, ido a kan ƙofa. Tuwon da aka kawo masa ya bushe a kwano.

"Bawana, fushi kake da ni?"

"Ana fushi da taubashi ne?" in ji Marwan, murya ƙasa-ƙasa. "Na san leda ce, Lawwali. Wallahi na sani. Amma kafin in sani, na riga na koma cikin motar nan."

Lawwali ya zauna a ƙasa. Can ya ce, "Wace irin mota ce?"

Wannan tambayar ce ta buɗe bakin Marwan. Ya faɗi yadda mutumin kusa da shi ya miƙo masa dabino, bai ma kai baki ba aka fara harbi. Ya faɗi nauyin mutumin da ya faɗo masa a kafaɗa. Ya yi ta magana, Lawwali bai katse shi ba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a rayuwarsa.

Da ya fito sai ya wuce zaure wurin Malam Abdu, ya durƙusa.

"Baba, na ji an ce za a kai shi ƙauye."

"Kai da ka ɓata, kai za ka zo ka gyara?"

"Baba, bawana ne fa. Ba a fita da shi gari sai da izinina."

Da wani ne ya faɗi haka, da ya sha sanda. Amma taubashin ɗansa ne, tsoho ya kawar da kai kawai. Lawwali ya roƙa a bari su fara zuwa gidan likita. Malam Abdu ya ce ya ba shi zuwa saukar ruwan farko. In ruwa ya sauka yaro na nan yadda yake, ba sauran magana.

A ƙafa suka je, don Marwan ba ya iya hawa moto. Majo ɗin wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata mata ce ana ce mata Mariama. Ta saurare su, ta duba shi, sannan ta ce:

"Wannan ba hauka ba ne. A cikin ƙwaƙwalwar kowa akwai wani ɗan wuri, aikinsa gadi. Ranar da aka yi harbi shi ya sa ka kwanta, ya tsirar da kai. Matsalar, har yau ba a sanar da shi an gama ba. Kuma ya fi tunani sauri, shi ya sa jiki ke faɗuwa kafin ka ce leda ce."

"To ya ake sanar da shi?" in ji Lawwali.

"Ba da tsoratarwa ba dai, malam mai leda. Wannan ƙara masa yake." Ashe ita ma ta ga bidiyon. "Ƙwaƙwalwar matashi tana koyo da wuri. Yadda ta koyi tsoro haka za ta koyi natsuwa, amma kaɗan-kaɗan, kusa da wanda ya yarda da shi."

Ta koya masa jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali. Ta ce ya riƙa dawowa suna magana, in abin ya ƙi akwai masu wannan aikin a Damagaram.

Daga nan Lawwali ya ƙaurace wa fada. Kullum la'asar yana gidan Gwaggo da butarsa. Da farko a ɗaki suke shan shayin, sai tsakar gida, sai zaure, sai ƙofar gida. In zai tada moto sai ya ce, "Bawana, zan buga, ka shirya." Samari suka sa masa suna mai reno. Bai kula ba.

Ba kullum ake cin nasara ba, kar in yi muku ƙarya. Akwai ranar da suka kai har otogar, wato tashar mota, tayar wata mota ta fashe, Marwan ya durƙushe a tsakiyar mutane. Lawwali ma sai ya durƙusa kusa da shi, ya ɗaga kai ya ce wa jama'a, "Me kuke kallo? Takalmi muke gyarawa." Suka zauna a haka har numfashi ya dawo. Bayan nan Marwan ya sake ƙin fita na wani lokaci, aka koma zaure aka faro.

Ruwan farko ya zo da rana tsaka, kuma kun san yadda yake zuwa. Gari ya yi baƙi, iska ta taso. Su uku ne a zaure, Malam Abdu na kan buzunsa yana kallon ɗansa.

Aka saki tsawa, irin wadda ake ji har cikin ciki.

Marwan ya ƙanƙame gwiwarsa, ido a rufe. Ya ja numfashi ya saki. Ya sake ja ya saki. Sannan ya ce, "Tsawa ce." Yana nan zaune inda yake.

Lawwali kuwa, da ya zabura, shayin hannunsa duk a riga ya ƙare.

Marwan ya buɗe ido ya dube shi. "Ubangida, ko kai ma a raka ka wurin majo?"

Malam Abdu ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Can ya gyara zama ya ce, "Marwan, gobe shuka. Ka duba sungumin nan, ƙotarsa ta yi sako-sako."

Zancen ƙauye bai sake tasowa ba. Har yanzu in abu ya fashe Marwan yakan zabura, kuma yana zuwa wurin majo. Amma shi ya sari gonarsu ta hanyar Dungu bana, Lawwali na binsa a baya yana zuba iri.

Darasi: Wanda ya tsira daga masifa ba lallai ne ya tsira daga tsoronta ba. In ka ga yana zabura, ba raki ba ne, ba hauka ba ne, jikinsa ne bai ji an gama ba. Kar ka gwada shi da wasa ko da kai taubashinsa ne. Ka tambaye shi, ka saurara, ka raka shi likita, ka yi haƙuri da tafiyarsa. Ku tura wa 'yan fadarku, musamman yanzu da 'yan ci-rani ke dawowa, don ba kowa ne ke faɗin abin da ya gani a hanya ba.