Nas ɗin da Take Cewa "Da Zafi"

Akwai wata nas mai jinyar yara a wani asibiti. Hannunta da sanyi, amma tana da wani hali da iyaye ba sa so. Idan yaro ya tambaye ta, "Da zafi?" ba ta ɓoye masa.

Wata rana aka kawo wani yaro mai suna Filibus, tafasasshen kunu ya ƙone masa ƙafa. Duk wanda ya zo wanke ciwon sai ya ce, "Ba zafi, kamar cizon sauro ne." Yaro ya miƙa ƙafa, ya sha azaba.

Da aikin ya zo kan nas ɗin nan, ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Filibus, da zafi sosai. Ka riƙe rigata, ka yi kuka iya son ranka. In na gama zan gaya maka."

Kakarsa ta ce, "Haba 'yar nan! Yaro ne fa, a rarrashe shi mana."

Ta ce, "Iya, ki yi haƙuri. Ba zan iya yi masa ƙarya ba." Abin ya dame ta, don yaron ya daina amsa gaisuwarta.

Ciwo ya ƙi warkewa. Likita ya ce sai an sa shi barci an yi masa aiki, in ba haka ba zai rasa ƙafar. Filibus ya ƙanƙame ƙarfen gado yana ihu. Kaka ta ce ba komai, likita ma ya ce ba komai, ihu ya ƙaru. Har an fara shawarar a danne shi, sai ya ce, "Ku kira mini mai cewa da zafi!"

Nas ɗin ta zo. Ya ce, "Anti, da zafi?"

Ta ce, "Barcin ba zafi. In ka farka za ka ji zafi, amma za ka gan ni kusa da kai."

Ya dube ta, ya saki ƙarfen, ya kwanta da kansa. Ita kanta sai da ta yi mamaki, ganin yadda ɗan ƙaramin yaro ya ɗora ransa a kan maganarta.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Yaro mutum ne, yana da hakkin a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Ku iyaye da masu jinya, ƙaryar rarrashi takan sa ya yi shiru yau, gobe kuwa ya ƙi yarda da ku a ranar da ransa ya rataya a kan maganarku. Ubangijinmu Yesu bai ɓoye mana cewa akwai wahala a duniya ba. Shi ya sa da ya ce mana za mu farka daga barcin mutuwa mu gan shi, muke iya sakin ƙarfen gado mu kwanta.