Bushiya da Gayyar Dandali

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata bazara, ƙaya ta cinye dandalin da 'ya'yan dabbobi ke wasa, har ta soke ɗan Barewa a ƙafa, ya koma ɗingishi. Bushiya ta ga abin, ranta ya ɓaci, ta shiga gida-gida tana kiran gayya kafin ruwa ya sauka ƙayar ta ƙara tofowa.

Kura ta ce, "Za a yi yanka?"

Bushiya ta ce, "Za a yanka ƙaya."

Kura ta juya ta ci gaba da barcinta.

Dila kuwa ya ce, "Haba Bushiya, irin wannan aiki ai sai an zauna an yi shawara."

Bushiya ba ta jira kowa ba. Kullum da sassafe sai ta tafi ita kaɗai, tana tona tana ja, har faratanta suka fashe.

Ran nan Giwa ta zo wucewa, ta tarar da ita tana kokawa da kututture. Ta ce, "Ke 'yar mitsitsiya, yaushe za ki gama?"

Bushiya ta ce, "Ban sani ba, ranki ya daɗe. Amma jiya ya fi haka yawa."

Kunya ta kama Giwa, ta naɗe kututturen da hancinta ta tumɓuke. Da dabbobi suka ga Giwa na aiki, kowa ya fito da gudu, har Dila.

Ruwan farko ya sauka a kan dandali fes. Yara suna tsalle, Bushiya na sharar barcin gajiya, Giwa ta kare ta da kunnenta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!